Maɓallin Komawa Baya: Ina Yake Kai Ka?

(Kiɗan buɗe shiri)

Ga mu a cikin shirinmu na faɗakarwa kan wayar hannu da abubuwan da ke cikinta. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Likoro da Hunkuyi da Kudan, da na Makarfi har zuwa Ikara. Waɗanda ke fadama sun rataye rediyo a reshe suna ban ruwa, sannunku da aiki. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, barkanku da gida.

Yau a kan wani ɗan ƙaramin abu za mu tsaya. Idan wayarka tana kusa, ɗauko ta ka duba can ƙasan fuskarta. A yawancin wayoyin da muke riƙewa za ka ga alamomi uku a jere: mai kusurwa huɗu, da mai kama da zobe, da mai kusurwa uku kamar bakin kibiya. Wannan na ukun shi ne abin maganarmu. Samari suna ce masa bak. Mu kuma bari mu kira shi maɓallin komawa baya. Babban yatsanka yana taɓa shi sau ba adadi daga asuba zuwa kwanciya, amma da wuya ka taɓa tambayar kanka: wai shin wa ke gaya masa inda zai mayar da ni?

Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanakin baya na je Likoro gaishe da dangi, lokacin saran rake. Na zauna a benci a rumfar wani mai POS ina jiran a cire mini kuɗin mota. Kusa da ni akwai wani dattijo, dillalin rake, ya gama ciniki da wani manomi, zai tura masa kuɗi ta waya. Ya sa lambar asusu, sunan ya fito, ya karanta a fili, manomin ya ce shi ne. Ya sa kuɗin, ya sa lambarsa ta sirri. Sai ɗan zoben nan ya hau juyawa. Yana ta juyawa, yana ta juyawa, kun dai san halin sabis idan ya so tsiya. Direban motar da aka yi wa lodi yana ta danna oda a bakin titi. Dattijo ya ƙosa, ya danna maɓallin komawa baya. Sai ga shi a shafin da ya baro, lambar asusu na nan, kuɗin na nan a rubuce, wurin da ake dannawa a tura yana nan kore shar kamar ba a taɓa shi ba. Duk mai hankali in ya ga haka, me zai ce? Bai tafi ba. Ya sake dannawa, ya sake sa lambar sirri.

Ba a yi minti biyu ba, wayar manomi ta yi ƙara. Ta sake yin ƙara. Alat biyu.

Allah ya taimaka, manomin mutumin kirki ne, kuma maƙwabci, nan take ya mayar da rarar. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ɗan dattijon, wanda ke wurin, ya yi. Ya ce, "Baba, ai na sha gaya maka, kai ne ba ka iya ba." Dattijo ya yi shiru, ya sa wayar a aljihu kamar wanda aka kama da laifi.

To ni ban yarda da yaron nan ba. Baba ya yi gaggawa, gaskiya ne, kuma za mu zo kan wannan. Amma rabin laifin, ko ma fiye, yana wuyan wanda ya gina manhajar. Bari in nuna muku dalili.

Duk wanda ya taɓa jibga buhunan masara a sito ya san ƙa'idar: buhun da ka ɗora a ƙarshe shi za ka fara saukewa. Ba mai zaro na ƙasa ya bar na sama yana lilo. Haka waya take yi da shafukan da kake buɗewa. Ka buɗe WhatsApp, jerin mutanen da kuke hira ya fito, buhu na farko ke nan. Ka taɓa sunan ƙaninka, hirarku ta buɗe, an ɗora na biyu. Ka taɓa hoton gonar da ya turo maka, ya cika fuskar waya, an ɗora na uku. Da ka danna komawa baya, sai a sauke na sama, ka ga hirar. Ka sake dannawa, ka ga jerin mutane. Ka sake, tuli ya ƙare, ka fita daga manhajar. Masu sana'ar suna kiran wannan tuli bak-sitak, wato tulin baya. Maɓallin shi kansa ba ya tunani, ba ya sanin alheri ko asara. Abin da ya tarar a saman tuli shi yake saukewa, abin da ke ƙarƙashi shi yake nuna maka.

Wa ke yin lodin? Nan gizo ke saƙa.

A farkon zamanin Android, abin da sauƙi. Wayar farko da ta fito da wannan tsari, HTC Dream, a shekarar 2008, maɓallin komawa bayanta na gaske ne, wanda kake dannawa ka ji ya motsa a ƙarƙashin yatsa. A lokacin, kusan kowane shafi ɗaya cikakken abu ne mai zaman kansa, wanda ake kira aktibiti, kuma tsarin wayar ne da kansa yake jera su yana saukewa. Magini bai cika shan wahala ba.

Sai aka zo 2011, kamfanin Google ya fitar da Android na 3 saboda manyan alluna irin tabulet. Allo ya yi faɗi, ana so a raba shi: jerin saƙonni a gefen hagu, saƙon da aka buɗe a gefen dama. Sai aka ƙirƙiro abin da ake kira firagiment, wato yanki ko ɓangaren shafi. Ka ɗauka aktibiti gida ne, firagiment kuma ɗakunan da ke cikinsa. Da tafiya ta yi tafiya, sai magina da yawa suka koma gina manhaja gaba ɗayanta a matsayin gida guda mai ɗakuna rututu. Kai kana ganin kamar shafi ne yake tafiya wani yake zuwa, alhali a gida ɗaya kake, ɗaki kawai ake sauya maka.

Matsalar ita ce, tsarin waya gidan ya sani. Shige da ficen da kake yi tsakanin ɗakuna kuwa, sai magini ya ce a rubuta sannan ake rubutawa. Akwai wani ɗan umarni guda da zai saka duk lokacin da ya sauya maka ɗaki, ma'anarsa: a ɗora wannan a kan tuli. Idan ya manta, to kana iya ratsa zaure, ka wuce tsakar gida, ka shiga har ƙuryar ɗaki, da ka danna komawa baya sau ɗaya sai ka tsinci kanka a waje, an rufe ƙofa. Na tabbata akwai mai saurarona yanzu da wannan ya taɓa faruwa da shi: ka ɓata rabin awa kana cike fom na neman aiki ko na tallafin noma, suna, ranar haihuwa, lambar NIN mai lamba 11, ka ga ka yi kuskure a shafin baya, ka danna don ka gyara, komai ya watse. Ba rashin iyawarka ba ne. Mai lodi ne bai ɗora buhun ba.

Akwai kuma kishiyar wannan, mai ɗora komai da komai, har abin da bai kamata a ajiye ba. Shi ne ya kama dattijonmu na Likoro. Shafin biyan kuɗi, da zarar mutum ya sa lambar sirri ya tura, ya gama aikinsa. Kamata ya yi a cire shi daga tuli gaba ɗaya, yadda in ka koma baya za ka faɗa shafin farko, ko shafin da ke cewa kuɗinka na kan hanya, dakata. A bar shi a nan da kuɗi a rubuce da wurin turawa a buɗe, daidai yake da a haƙa rijiya a bakin ƙofa a rufe ta da tabarma. Manhajar da aka gina da hankali tana ba kowace hada-hada lambarta tun kafin a tura, yadda ko saƙon ya isa banki sau biyu, kwamfutar bankin za ta gane cewa abu ɗaya ne, ta biya sau ɗaya. Wasu kuma suna tsayar da kai su ce, yanzun nan ka tura wa wannan mutumin daidai wannan kuɗin, ka tabbata kana so ka ƙara? Wannan tambaya ɗaya da ta ishe Baba.

Haka shafin shiga, inda kake sa lambar waya da kalmar sirri. Bayan ka shiga, bai kamata komawa baya ta sake kai ka can ba. Mafi muni ma shi ne akasin haka: ka fita daga asusunka, ka miƙa wa wani aron wayar ya yi kira, ya danna komawa baya, sai ga ragowar kuɗinka a fili yana kallo. A garuruwanmu, inda waya ɗaya kan zaga hannun mutum uku ko huɗu a gida, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan maɓallin komawa baya na wayar hannu, da yadda yake mayar da mutum daga wani ɓangaren manhaja zuwa wani.

Ga wani abu da na lura yana rikita mutane, har da masu ilimin boko. A manhajoji da yawa akwai kibiyoyi biyu. Ɗaya a ƙasa, ta wayar ce. Ɗaya a sama ta gefen hagu, ta manhajar ce. Yawancin lokaci wuri ɗaya suke kai ka, shi ya sa ake zaton abu ɗaya ne. Amma a ƙa'idar da Google ya shimfiɗa wa magina, aikinsu ya bambanta. Ta ƙasa tana bin sawunka ne, ta mayar da kai inda ka fito, ko da wata manhaja ce daban. Ta sama kuwa ba ta fitar da kai daga gidan, sai dai ta matsar da kai daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure. Misali, wani ya turo maka mahaɗin wani bidiyo a WhatsApp, ka taɓa, YouTube ta buɗe kai tsaye a kan bidiyon. Ka ga an ɗauko ka an dire a ƙuryar ɗakin wani gida ba tare da ka bi ta zaure ba. Idan ka danna ta ƙasa, abin da ake sa rai shi ne ka koma hirar da ka baro. Idan kuma kana son ka zaga gidan da aka kawo ka, sai ka nemi hanyar da manhajar ta tanada a cikinta.

Sannan ba kowane dannawa ne ke sauya shafi ba. Idan allon rubutu yana buɗe, dannawar farko shi take rufewa. Idan wani ɗan akwatin tambaya ya faɗo a tsakiyar fuska, shi take korewa. Idan jerin zaɓi ya zamo daga gefe, shi take mayarwa. Ana fara kawar da abin da ya fi kusa da kai, sannan a taɓa shafin. Shi ya sa masu danna shi da sauri sau uku huɗu a jere, kamar masu kaɗa kalangu, suke wuce inda suka nufa.

Su kuwa waɗannan ɓangarori da ake jerawa a ƙasan manhaja, kamar a ce gida, tura kuɗi, sayen kati, asusuna, nan ne magina suka fi saɓani. Ka yi ta tsalle tsakaninsu sau goma. In ka danna komawa baya, a bi da kai duk tsallen goman ɗaya bayan ɗaya? Wanda ya gina haka ya gina azaba. Abin da aka fi yarda da shi a Android shi ne, daga kowane ɓangare a mayar da kai ɓangaren farko, daga nan kuma ka fita. Ni ma nan na tsaya. Mutumin da ke son fita daga kasuwar Makarfi ba ya bukatar ya sake bi ta kowace rumfa da ya leƙa tun safe, hanyar bakin titi yake nema.

Akwai kuma masu yi da gangan, waɗannan ba kuskure ba ne, mugunta ce. Ka shiga wani shafi a intanet, ka danna baya, ya sake dawo da kai nan, ka sake, ya jefa ka shafin talla ko na caca. Ko manhajar da in za ka fita sai ta tare ka da talla mai tsawon rabin minti, datarka na ƙonewa. Irin wannan, shawarata gajeriya ce: goge ta.

Bari in ɗan ratse, saboda wasu za su ce su wayarsu ba ta da alamomin nan uku. Gaskiya ne. Wayar iPhone, tun fitowarta a 2007, ba ta taɓa samun maɓallin komawa baya na kowa da kowa ba. Kibiyar sama ake bi, daga 2013 kuma aka ƙara jan yatsa daga gefen hagu. A Android, maɓallan sun fara tashi daga jikin waya suna komawa cikin fuska tun wajen ƙarshen 2011, siffofin nan uku kuma na kusurwa uku da zobe da kusurwa huɗu sun zo ne da Android na 5 a 2014. A 2019, da Android na 10, aka kawo jan yatsa daga gefen fuska, hagu ko dama, a madadin maɓallin. Wannan ya zo da nasa ciwon kan, don sau da yawa mutum yana son ya ture hoto ne ya ga na gaba, sai wayar ta ɗauka baya yake nufi. Idan ka sayi sabuwar waya ka ga ba maɓallan, kuma jan yatsan yana ba ka wahala, shiga saitin wayar ka nemi wajen tsarin kewayawa, za ka iya dawo da su. Iyayenmu da yawa sun fi samun natsuwa da abin da ido ke gani. Kuma a wayoyin Samsung, maɓallin yakan zo a dama, a wasu wayoyin kuma a hagu, shi ya sa in ka karɓi wayar wani sai yatsanka ya yi ta ɓata hanya. Daga Android na 13, a 2022, aka fara wani sabon tsari da ke leƙa maka inda za ka faɗa tun kafin ka saki yatsa, in ba nan kake so ba ka fasa. Wannan dabara ta yi, sai dai kafin ta game wayoyin da ke hannun mutanenmu, da sauran tafiya.

Yanzu ga wurin da nake so samarinmu masu koyon gina manhaja su buɗe kunne, ko kana Jami'ar Ahmadu Bello, ko Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya, ko kana cikin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko kuwa a ɗakinka kake koya da bidiyo cikin dare lokacin da data ta fi araha.

Wayar da ke hannun mutumin Likoro ba irin wadda malaminka na intanet yake gwaji da ita a Amurka ba ce. Mu nan Tecno ne da itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, da yawansu kuma masu ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki, giga 1 ko 2 ko 3. Me ya haɗa wannan da komawa baya? Ga shi. Mutum yana tsakiyar biyan kuɗi, aka ce an tura masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes. Dole ya bar manhajarka ya je ya duba saƙon. A wannan ɗan tsakanin, idan wuri ya yi wa wayar ƙaranci, Android yakan kashe manhajar da aka bari a baya don ya samar wa ta gaba fili. Ba ya neman izinin kowa. Mutum ya haddace lambobinsa shida, yana maimaitawa a baki kada su zube, ya dawo, sai ya tarar manhajarka ta farka kamar wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta mayar da shi shafin farko. Ya sake farawa, a sake turo lamba, ya sake fita, a sake kashewa. Na ga wata baiwar Allah ta yi wannan zagaye har sau uku, daga ƙarshe ta ɗaure kuɗinta a bakin zane ta hau mashin ta kai da kanta.

Tsarin Android ya tanadi hanyar da za ka ajiye inda mutum ya tsaya da abin da ya rubuta, yadda ko an kashe manhajar, in ya dawo za a sake jera masa tulinsa kamar yadda ya bari. Amfani da ita ne ba a yi, saboda a wayar magini mai tsada abin ba ya taɓa faruwa. A cikin saitin masu gina manhaja akwai wani zaɓi da ke sa waya ta rushe kowane shafi da zarar an bar shi. Kunna shi, ka bi manhajarka daga farko zuwa ƙarshe, ka ga abin da zai tsira. Ka kuma juya wayar a kwance a tsakiyar cike fom, don juyawar ma takan sa a rushe shafi a sake gina shi.

Kada kuma ka ce sai ka ƙirƙiro naka tsarin tuli daga tushe. Tun 2018 Google ya gabatar da kayan aikin kewayawa a cikin tarin da ake kira Jetpack, inda za ka zana taswirar shafukanka, ka nuna wanne ke kai wa wanne, ka kuma faɗi waɗanda za a share daga tuli idan an wuce su. Tsohuwar hanyar da ake kama maɓallin a cikin aktibiti a cusa masa sharuɗɗa iri-iri, an ayyana ta a matsayin wadda ake bari tun Android na 13. Yanzu kowane ɓangare shi ke rajistar cewa yana da abin yi idan an danna baya, ya kuma janye idan ya gama. Masu aiki da Flutter ko React Native, sunaye ne suka bambanta, tulin dai shi ne.

Kuma don Allah a rage kama maɓallin nan ba gaira ba dalili. Tambayar "ka tabbata za ka fita?" tana da wuri ɗaya: inda mutum zai yi asarar abin da ya wahala ya rubuta. A shafin da ba abin da zai ɓata, ƙyale shi ya tafi. Baƙon da ka riƙe wa riga duk lokacin da ya miƙe, gobe ba zai dawo ba.

Gwajin da ya fi kowanne kuwa ba ya bukatar kwamfuta. Ɗauki manhajarka ka kai wa kawunka a kasuwa, ko gwaggonka mai sayar da mazarƙwaila. Ka ce ta yi abu kaza. Ka sa hannuwanka a aljihu, ka kama bakinka, ka zuba ido kawai. Duk inda ta danna baya ta ce "af, ina kuma ya kai ni?", rubuta. Wannan wurin gyara ne, ba wurin yi mata bayani ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To mu koma kan Baba da sauranmu masu amfani da waya, tunda ba za mu zauna jiran sai kowane magini ya shiryu ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutane da yawa a karkara suka shiga tura kuɗi ta waya ba don sun shirya ba, sai don dole. Mai rake, mai tumatir, mai awo, kowa ya koma tiransifa. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Saboda haka ga abin da nake so ya zauna.

Komawa baya ba ta soke abin da ya riga ya tafi. Shafi take sauya maka a fuskar waya, ba ta bin kuɗi ta kamo su a hanya. Kamar ka ba yaron mota saƙo ne, mota ta tashi, kai kuma ka juya ka koma gida. Juyawarka ba ta tsayar da motar. Da zarar ka sa lambar sirri ka tura, ɗauke yatsanka. Bar zoben ya yi ta juyawarsa. In ya daɗe har ka fita, ko manhajar ta rufe da kanta, to kada ka sake turawa sai ka duba abu biyu: tarihin hada-hadarka a cikin manhajar, da ragowar kuɗinka. In ka ga an cire, an cire, ko da wancan bai ga alat ba tukuna. In aka rubuta cewa ana kan aiki, jira. Mai karɓa ma ya duba cikin asusunsa, kada ya tsaya jiran saƙon tes, don saƙon yakan makara.

In kuwa an cire kuɗin bai isa ba, buɗe risit ɗin. A tura kuɗi daga banki zuwa wani banki akwai wata doguwar lamba mai lambobi 30 da ake kira lambar sashan. Ita ce shaidarka. Ɗauki hoton fuskar wayar ka ajiye, da ita za ka kai ƙorafi bankinka, da ita za su bi sawun kuɗin.

Masu ƙananan wayoyi da ke aiki da lambobin tauraro da shinge, ku naku tsarin daban ne. A can ba tuli a wayarka, zaman yana wajen kamfani ne, kuma ɗan lokaci kaɗan ake ba ka. In ka danna jan maɓalli ko na baya, zaman ya yanke gaba ɗaya, sai ka sake daga farko. In kana son komawa mataki ɗaya, karanta ƙasan rubutun, yawanci akan nuna lambar da za ka danna. Amma ƙa'idar kuɗi ɗaya ce: in ka riga ka sa lambar sirri, duba ragowar kuɗinka kafin ka maimaita.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, in dattijo ya miƙo muku waya ya ce abu ya ɓace masa, kada ku fizge ku gyara cikin daƙiƙa biyu ku miƙa masa. Zauna kusa da shi, wayar na hannunsa. Ce masa, "Baba, shiga nan. Shiga nan kuma. To danna wannan, ka ga inda ya dawo da kai?" Sau uku in kun yi, ya riƙe. Mutumin da ke lissafin lodin rake mota biyar a ka ba tare da biro ba, tulin shafi uku ba zai gagare shi ba.

Lokaci ya cim mana. Yau da dare bayan sallar isha, buɗe manhajar da kake tura kuɗi da ita, ba tare da ka tura ko sisi ba. Shiga ɓangare biyu ko uku, ka riƙa danna komawa baya a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kana lura da inda take sauke ka. Nemo kuma inda tarihin hada-hada yake, ka san hanyarsa tun babu direba a bakin titi yana danna maka oda.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)